Wai da gaske gara 'yar'uwar kyankyaso ce, ba ta tururuwa ba?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku shigo mu tattauna, wai gara da kyankyaso dangi ɗaya ne, wai ma ba dangi kawai ba, ita garar kyankyaso ce da ta koma zaman taro. Ni dai in na dube su ban ga ta inda suka haɗu ba, wannan faffaɗa mai sheƙi ga gudun tsiya, waccan kuma 'yar fara mai laushin jiki da ko rana ba ta iya jurewa. To ta ina? kuma in haka ne me ya raba wurin zamansu da abincinsu har haka

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. 'Yata ni kam wannan maganar ba ta shige ni ba. Duba fa, gara tana da uwa guda mai zuba ƙwai, tana da sojoji tana da ma'aikata, ta gina gida a ƙasa, in ruwan sama ya sauka masu fiffike su fito su cika wuri. To duk wannan ai halin tururuwa ne sak. Kyankyaso kuwa wa ya taɓa ganin ya yi sarauniya ko ya gina wani abu, shi dai ya samu lungu ya laɓe dare ya yi ya fito neman abin da zai lasa.

Malam Mai Ƙwari:
Baba ranka ya daɗe, abin da ka lissafa duk gaskiya ne, amma kamannin zama daban, dangantakar jini daban. Tururuwa danginta su ne zuma da zanzaro da rina. Ka kama tururuwa ka duba za ka ga ƙugunta siriri kamar an ɗaure da zare, eriyar kanta a lanƙwashe, gara kuwa jikinta a miƙe yake babu ƙugu, eriyarta a miƙe kamar an jera 'yan duwatsu. Sai babban bambancin wato yadda suke girma. Tururuwa daga ƙwai sai tsutsa, tsutsar ta kwanta ta naɗe sannan ta fito cikakkiyar tururuwa. Gara da kyankyaso ba sa yin tsutsa sam, abin da ya fito daga ƙwai ƙaramin kama ne na babban, sai dai ya riƙa saɓa yana ƙara girma. Kuma a gidan tururuwa ma'aikata duk mata ne, namijin yana gama barbara yake mutuwa, amma a gidan gara ma'aikata da sojoji akwai maza akwai mata, kuma akwai sarki da yake zaune da sarauniya a ɗaki ɗaya har ƙarshen rayuwarsu.

Maganar kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1934 wani masani a Amurka mai suna Cleveland ya yi rubutu a kan wani kyankyaso mai cin itace da ake kira Cryptocercus, ya nuna ƙananan halittun da ke cikin hanjinsa irin na cikin hanjin gara ne. A 2007 kuma wasu masana uku na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan, Inward da Beccaloni da Eggleton, suka yi gwajin DNA, wato ƙwayar gado ta halitta, suka ga gara a tsakiyar dangin kyankyaso take zaune, har ma Cryptocercus ɗin ya fi kusa da gara a kan kusancinsa da kyankyason da muke gani a kicin. A 2018 ƙungiyar masana ƙwari ta Amurka ta gyara jerin sunayenta ta maida gara cikin rukunin kyankyaso.

Ɗalibar Kimiyya:
Ikon Allah. Malam shi wannan mai cin itacen a ina yake, ya kamanninsa

Malam Mai Ƙwari:
Ƙanwata ba ya shiga gidaje ko kaɗan. A cikin ruɓaɓɓen gungume yake rayuwa a dazuzzuka masu sanyi da laima, akwai shi a tsaunukan Appalachia na gabashin Amurka, akwai a yammacin Amurka, akwai kuma a Sin da Koriya da gabashin Rasha. Baƙi-baƙi ne mai kauri, ba shi da fiffike. Abin da ya sa nake son labarinsa shi ne uwa da uba suna zama tare a rami ɗaya cikin gungumen su reni 'ya'yansu na tsawon shekaru, kuma 'ya'yan in suna ƙanana farare ne fat babu ido, in ka gan su za ka rantse gara ce. Dalilin renon kuwa ciki ne. Itace ba ya narkewa da sauƙi, sai da taimakon waɗannan ƙananan halittun na hanji, kuma ba a haifar ɗa da su, sai ya sha ruwan da ke fitowa ta bayan iyayensa sannan ya samu. Ita ma gara, irin mai tsohon asali da ke nan har yau, haka take, kuma duk lokacin da ta yi saɓa har da fatar cikin hanjin take zubarwa, halittun su tafi, dole ta koma wajen 'yan'uwanta su sake ba ta. To wanda cikinsa ya dogara da 'yan'uwansa haka ina zai je shi kaɗai? Nan tushen zaman taron yake a fahimtar masana da yawa.

Kafinta:
Salam. Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma katako sana'ata ce, kuma abin da zan ce shi ne ita kanta garar ba iri ɗaya ba ce, mutane suna haɗa su ne kawai. Akwai wadda take fitowa daga ƙasa, za ka ga ta ja layin laka a jikin bango ko ginshiƙi har ta kai ga katakon rufi, a cikin wannan hanyar take tafiya don kar iska ta busar da ita. In ka fasa katakon da ta ci za ka tarar da laka a ciki, ta cinye mai laushin ta bar fatar waje lafiya lau, sai ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo. Akwai kuma wadda ba ruwanta da ƙasa ko kaɗan, cikin busasshen katakon take haihuwa ta mutu, kujera ko firam ɗin ƙofa ko kabad, ita alamarta 'yan ƙwayoyi ne kamar yashi suna zubowa ta wata 'yar ƙofa su taru a ƙasa. In kuwa ka ga gari mai laushi sosai yana zuba to wannan ba gara ba ce, wani ƙwaro ne daban mai huda katako

Malam Mai Ƙwari:
Madalla da Kafinta, wallahi ka faɗi abin da ke cikin littafi daidai. Ta farkon ita ce irin su Coptotermes da Reticulitermes, gidansu na ƙarƙashin ƙasa kuma suna iya kai miliyoyi, akwai Coptotermes formosanus da ta taso daga kudancin Sin ta bi jiragen ruwa ta shiga Amurka ta addabi birnin New Orleans. Ta biyun irin su Cryptotermes ce, gidansu ƙarami ne, ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, kuma waɗancan ƙwayoyin kashinta ne, ta matse duk ruwan da ke ciki kafin ta fitar saboda ba ta da wani wurin samun ruwa sai abin da ke cikin katakon. In ka sa gilashin ƙara girma za ka ga kowace ƙwaya gefe shida gare ta.

Maman Biyu:
Ni dai kyankyaso ne matsalata ba gara ba. Kuma na lura su ma kala-kala ne, akwai ƙananan nan masu ruwan ƙasa da suke cika bayan firij da cikin kabad, sai kuma manyan jajaye masu tashi sama da suke fitowa ta banɗaki. Dan Allah ƙananan 'ya'yan manyan ne ko ya abin yake, don maganin da ke kashe manyan kamar ba ya yi wa ƙananan komai

Malam Mai Ƙwari:
Hajiya ba 'ya'yansu ba ne, jinsi biyu ne daban. Ƙaramin shi ne Blattella germanica, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, in kin duba bayan kansa za ki ga layi biyu baƙaƙe. Shi wannan ba ya rayuwa a daji ko kaɗan, duk duniya a cikin gine-ginen mutane kawai ake samunsa, yana son ɗumi da laima da tsaga mai matsi inda bayansa da cikinsa za su taɓa abu, shi ya sa injin firij da ƙarƙashin wurin wanke-wanke suke masa daɗi. Binciken da aka fitar a 2024 ya nuna daga wani kyankyaso na Asiya ya samo asali, wajejen Indiya da Myanmar, kimanin shekara 2,100 da suka wuce. Macen tana ɗauke da jakar ƙwanta maƙale a bayanta har dab da ƙyanƙyasa, ƙwai 30 zuwa 40 a jaka guda, cikin wata biyu zuwa uku 'ya'yan sun isa haihuwa, kin ga dalilin da ya sa suke cika gida nan da nan.

Babban jan kuwa Periplaneta americana ne, yana kai santimita 4, asalinsa Afirka ne jiragen ruwa suka watsa shi duniya. Shi ɗan kwata ne da lambatu da masai da bututun ruwa, daga can yake shigowa. Jakarsa ƙwai kamar 16 ne, kuma macen ajiye ta take yi a lungu ta tafi abinta, girmansa ma yana ɗaukar wata shida zuwa shekara. Akwai wasu biyu da ake yawan gani, Blatta orientalis baƙi ƙirin mai nauyin jiki da ya fi son wuri mai sanyi da danshi kuma ba ya tashi, da Supella longipalpa mai ɗamara biyu a jiki wanda shi kuma busasshen wuri yake so, saman kabad da bayan hoton bango da cikin talabijin.

Batun magani, feshi yana kashe wanda ya taɓa ne kawai, ƙwan da ke cikin jaka lafiyarsa ƙalau, kuma ƙananan sun daɗe da sabawa da magunguna da yawa. Maganin nan mai kama da man shafawa da ake ɗigawa a lungu su ci ya fi aiki a kansu, don wanda ya ci ya koma maɓoya ya mutu, 'yan'uwansa su ci kashinsa da gawarsa su ma su bi. Amma ko shi ma an samu waɗanda suka gane, tun wajen 1993 aka gano wasu da sukarin gulukos ɗin da ake haɗa maganin da shi ya koma musu ɗaci a baki, sai su ƙi ci.

Maman Biyu:
Innalillahi, har da wannan. To Allah ya kyauta. Na gode Malam, yanzu na gane dole a toshe bakin bututun banɗaki daban a yi na kicin daban

Baban Yara:
Malam na karanta duka kuma hujjar hanjin nan tana da ƙarfi. Amma ga inda har yanzu nake tsaye. Shi wancan na cikin gungume uwa da uba ne da 'ya'ya, 'ya'yan su girma su watse kowa ya kama gabansa. Gara kuwa miliyoyi ne da ba sa haihuwa sam, aiki kawai suke yi har su mutu. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata babba fa, ba a tsallake ta da maganar ruwan hanji kawai. Kuma in zaman gungume ne ke kawo haka me ya hana shi Cryptocercus ɗin ya zama gara shi ma

Injiniya Ƙarami:
Tambayar Baba ta yi, ni ma ita ce a raina

Malam Mai Ƙwari:
Tambaya ce mai nauyi Baba. Abin da ke cike ratar shi ne garar da ke raye yanzu ba a mataki ɗaya suke ba, kana iya jera su ka ga tsani. A arewacin Ostireliya akwai Mastotermes darwiniensis, gara ce cikakkiya da sojoji da komai, amma har yau a dunƙule take zuba ƙwanta a jere kamar jakar ƙwan kyankyaso, fiffikenta na baya yana da wani ɓangare mai naɗewa irin na kyankyaso, kuma tana ɗauke da wata bakteriya mai suna Blattabacterium a cikin kitsen jikinta wadda kusan duk kyankyasai suke da ita amma sauran gara duk sun rasa. Sai ka hau mataki na gaba, garar busasshen katako da Kafinta ya ambata, a wajensu waɗanda muke kira ma'aikata ba bakarare ba ne, yara ne da ba su gama girma ba, in sarauniya ta mutu ɗaya daga cikinsu na iya gadonta, wasu kuma su yi fiffike su fita. Wato suna zaune a gida suna taimako suna jiran dama, saboda itace abinci ne marar ƙarfi girma a kansa na jan lokaci, fita waje kuma haɗari ne. Sai a can saman tsani, wajen masu gina suri, za ka tarar da ma'aikatan da hanyar haihuwa ta rufe musu gaba ɗaya. Shi kuwa Cryptocercus yawanci zubi ɗaya iyayen ke yi su ƙare rayuwarsu a kan renonsa, babu ƙanne a baya da yayye za su tsaya su rena, ita gara ta ci gaba da haihuwa ne zubi bayan zubi a gida ɗaya. Rabuwar Cryptocercus da gara ana ƙiyasta ta kai shekara miliyan 150.

Ɗalibar Kimiyya:
Malam masu surin fa, su ma da waɗancan halittun na hanji suke narkar da abinci?

Malam Mai Ƙwari:
A'a, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Babban gidan gara da ake kira Termitidae, wanda ya ƙunshi mafi yawan jinsunan gara, sun rabu da waɗancan halittun tuntuni, bakteriya suke amfani da ita. Wasunsu ma ƙasa suke ci zalla, irin su Cubitermes masu ɗan suri mai hula. Su kuwa Macrotermes masu manyan surin nan na Afirka da Asiya noma suke yi. Ma'aikata su kwaso busasshiyar ciyawa da itace su tauna su kasayar, su gina wani abu mai ramuka kamar soso da shi a cikin gida, sai wata funfuna mai suna Termitomyces ta tsiro a kai ta ruɓar da shi, sannan su ci. Laimar kwaɗin da ke fitowa a gefen suri da damina ita ce 'ya'yan wannan funfunar. Kuma funfunar ba ta son zafi ya wuce ko ya gaza kusan digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, to surin da kuke gani ba ɗakin kwana ba ne, garar tana ƙasa, shi ginin na sama aikinsa daidaita zafi da sauya iska. Wata masaniya Bajamushiya Judith Korb ta yi aiki a dajin Comoé na ƙasar Kodebuwa ta nuna jinsi ɗaya, Macrotermes bellicosus, in yana fili mai rana sai ya yi dogon suri mai sirarin bango da tudu-tudu da yawa, in kuma a cikin kurmi mai inuwa yake sai ya yi dunƙulalle mai kaurin bango don riƙe ɗumi. Sarauniyarsu cikinta na kumbura ta kai tsawon yatsa ko fiye, ba ta iya ko motsawa, tana zuba ƙwai har 20,000 a rana kuma tana iya kai shekara 20.

Injiniya Ƙarami:
Ni abin da na sani na ginin su shi ne na wata gara ta arewacin Ostireliya, Amitermes meridionalis, surinsu faffaɗa ne siriri kuma duk a jere suke, tsinin yana kallon kudu da arewa, faɗin yana kallon gabas da yamma, rana ta ɗumama shi da safe da yamma amma da tsakar rana sai ta sauka a kan siririn gefen kawai. Sannan a arewa maso gabashin Brazil an ba da rahoto a 2018 na tulin ƙasa kusan miliyan 200 da wata gara ta tara, faɗin wurin ya kai girman Birtaniya, wasu tulin sun kusa shekara 4,000. Ba abin da kyankyaso zai nuna kusa da wannan gaskiya

Ɗan Daji:
Injiniya kar ka raina kyankyaso don na kicin kawai ka sani. Jinsinsu ya kai 4,600, waɗanda ke shiga gidajen mutane ba su wuce 30 ba, sauran suna daji ƙarƙashin ganye da ɓawon itace da kogo har da hamada suna cin abin da ya ruɓe. Gara kuma jinsinta kusan 3,000 ne, ita ma kaɗan ne masu ɓarnar gini. A Queensland ta Ostireliya akwai wani kyankyaso mai haƙa rami zurfin kusan mita ɗaya, nauyinsa na wuce giram 30, yana jan busasshen ganyen bishiyar turare zuwa raminsa ya ciyar da 'ya'yansa, yana kai shekara 10. Na Madagaska kuma huci yake yi da ƙarfi ta ƙofofin numfashin da ke gefen jikinsa, mazan da shi suke faɗa. Akwai ma Diploptera punctata da ba ta ajiye ƙwai, a cikinta 'ya'yan ke girma tana ba su wani ruwa mai gina jiki kamar nono har ta haife su. Kun ga reno a jinin dangin yake tun asali, gara ce dai ta kai shi ƙarshe

Maman Biyu:
To ni tambayata ta ƙarshe, a lafiyar mutum wanne ya fi illa

Malam Mai Ƙwari:
Kyankyaso ne Hajiya, nesa ba kusa ba. Yana taka ƙazanta ya zo ya taka kwano da abinci, yana ɗauko ƙwayoyin cuta irin su Salmonella a ƙafa da ciki, sannan kashinsa da saɓarsa in suka bushe suka bi ƙura suna tayar da asma musamman ga yara. Gara ba a san ta da yaɗa cuta ga mutum ba, ita dukiya take ci, katako da takardu da amfanin gona. A daji kuwa alheri ce, ramukanta na sa ruwa ya shiga ƙasa, har wani bincike a kurmin tsibirin Borneo na Asiya da aka buga a 2019 ya nuna lokacin fari wuraren da aka bar gara ƙasarsu ta fi riƙe laima kuma ƙananan itatuwa sun fi tsira a kan wuraren da aka kawar da ita.

Kafinta:
Shi ya sa ni ba na goyon bayan a bi kowane suri a daji a zuba masa guba. Wanda ke gini dai ya kula, kar katako ya taɓa ƙasa kai tsaye, a kwashe guntayen itace da kututture kafin a zuba daɓe, a gyara duk famfon da ke yoyo kusa da bango, kuma a shafa wa katakon rufi magani tun kafin a ɗora shi ba sai an ga layin laka ba. In kuma ta riga ta shiga, karya layin kawai ba ya komai, kwana kaɗan za ta sake ja, sai an bi ta inda take shigowa daga ƙasa

Baban Yara:
Malam saura abu ɗaya. Tunda ka ce tururuwa ba 'yar'uwarta ba ce, to mene ne tsakaninsu, don na sha ganin baƙaƙen tururuwa manya a jere kowace da gara a baki

Malam Mai Ƙwari:
Gaba ce tsakaninsu Baba, tururuwa ita ce babbar maƙiyiyar gara, kuma yawancin siffar sojan gara saboda ita aka yi ta. Zago mai ƙaton kai da muƙamuƙi yana toshe hanya da kansa ya datse duk wadda ta shigo, sojan wata gara mai suna Nasutitermes kuma ba ya cizo, kansa mai tsini ne yana fesa wani ruwa mai danƙo da ke liƙe tururuwa. Waɗanda ka gani a jere wataƙila Megaponera ne, su ba su da wani abinci sai gara, ɗaya ta fita leƙen asiri ta dawo ta ja ɗaruruwa su je su fasa inda garar ke kiwo, kuma in zago ya cire wa wata tururuwa ƙafa 'yan'uwanta na ɗauko ta su kai gida su lashe raunin har ta warke ta koma fita da su.